Kiyaye lafiya wajen aiki da injin yanke ciyawa

Injin yanke ciyawa na'ura ce da ake aske ciyawar fili da ita domin tsawonta ya daidaita. Wani mutumin Ingila mai suna Edwin Budding ne ya ƙirƙiro shi a 1830, bayan ya lura da na'urar da ke aske gashin ƙyalle a masaƙa. Irin wanda ya fi yawa a yau yana da wuƙar ƙarfe kwance a ƙarƙashin murfi, wadda inji mai esansi ko lantarki ke juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, har bakinta yakan kai gudun kilomita 300 a awa. Daga wannan wuƙar ne mafi munin raunukan suke fitowa.

A Yamai ana ganin injin a otal-otal na bakin kogin Isa, da ofisoshin jakadanci, da filayen wasa, da wasu manyan gidaje na unguwar Plateau, kuma aikinsa ya fi yawa da damina, daga Yuni zuwa Satumba. Sau da yawa mai gadi ko mai ban ruwa ake miƙa wa shi ba tare da an koya masa komai ba, alhali takardar bayaninsa da Faransanci ko Ingilishi take. Wannan sakaci ne, kuma nauyinsa yana wuyan mai injin.

Yankewar yatsu takan auku ne idan jiƙaƙƙiyar ciyawa ta cushe, mai aiki ya sa hannu don ya cire ta, yana zaton tunda ƙara ta lafa wuƙar ta tsaya. Ƙa'ida ita ce a kashe injin, a jira wuƙar ta tsaya cak, a zare wayar buji, wato abin da ke ba injin esansi tartsatsin wuta, ko a cire fulogin wuta ko batir in mai lantarki ne, sannan a sa sanda a zaƙulo ciyawar. Zare wayar buji ba ƙarin wahala ba ne, domin juya wuƙar da hannu yana iya tayar da injin. Tun 1982 dokar Amurka ta wajabta a sa wa injin turawa wani mariƙi da ke tsayar da wuƙar cikin daƙiƙa 3 da zarar an sake shi. Wasu sukan ɗaure wannan mariƙin da igiya ko roba don hannu ya huta, kuma da haka suke kashe babbar kariyar da injin ke da ita. Ƙafa kuma takan shiga ƙarƙashin murfi idan aka ja injin da baya ko aka zame a gangare, shi ya sa ake bin gangare a gicciye da injin turawa, kuma ba a aiki da silifas, sai da takalmi rufaffe mai kauri.

Haɗari na biyu shi ne jifa. Ƙasar Yamai ba ta rasa tsakuwa, ga ƙwallon mangwaro da ƙusa da guntun waya da kan ɓuya cikin ciyawa, kuma duk abin da wuƙar ta taɓa sai ta cilla shi da ƙarfin da zai fasa ido ko gilashin mota. Saboda haka ake zagaya filin a tsince shi kafin a fara, a sa tabarau na kariya da dogon wando, a kuma fitar da yara da dabbobi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada yaro ya tura injin sai ya kai shekara 12, kada ya tuƙa na hawa sai ya kai 16, kuma ba a goya yaro a kansa ko da wasa.

Esansi, wanda galibi a kwalba ake sayo shi, ba a zuba shi sai injin ya huce, a fili, nesa da taba da gawayin shayi. Ba a tayar da injin cikin gareji a rufe, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa. Mai lantarki kuwa ba a fita da shi kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, kuma wayarsa a bayan mai aiki take zama. Ƙarar mai esansi takan wuce desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, matakin da ke lalata ji a hankali, don haka ana toshe kunne. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da sassafe ya kamata a yi aikin.

Idan rauni ya auku, a kashe injin, a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle, a garzaya asibiti ko a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Yatsan da ya guntule a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a tafi da shi. Ko raunin ƙarami ne, likita zai duba batun allurar rigakafin tetanos, cutar da ke sandarar da jiki, tunda wuƙar kullum cikin ƙasa da taki take.