ER (wasan kwaikwayon talabijin)

ER wasan kwaikwayo ne mai dogon zango na ƙasar Amurka, wanda tashar NBC ta nuna daga 19 ga Satumba 1994 zuwa 2 ga Afrilu 2009. Ya yi zango 15 da kashi 331. Labarin yana gudana ne a sashen agajin gaggawa na wani ƙagaggen asibitin gwamnati mai suna County General a birnin Chicago, kuma sunan shirin haruffan farko ne na sunan wannan sashe da Turanci, wato Emergency Room. Abu biyu aka fi tuna shi da su: sabon salon ɗaukar hoto da ya kawo, da kuɗin da ya kai ana biya a kan kowane kashi.

Asali

Michael Crichton, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Harvard, shi ya rubuta labarin tun wajen 1974 da niyyar a yi fim da shi. Rubutun ya kwanta kusan shekara 20 kafin kamfanin Amblin na Steven Spielberg da kamfanin Warner Bros. su mayar da shi shirin talabijin, John Wells yana jagorantar aikin. An ɗauki kashin farko a Linda Vista, wani tsohon asibiti da aka daina aiki a cikinsa a Los Angeles. Daga baya aka gina sashen gaba ɗaya a harabar Warner Bros. da ke Burbank, sai dai a kan je Chicago lokaci-lokaci don ɗaukar tituna da jirgin ƙasa da dusar ƙanƙara.

Salon aiki

Masu shirin sun dogara sosai da Steadicam, kyamarar da mai ɗauka ke ɗaurawa a jikinsa ya yi ta tafiya ba tare da hoton ya yi rawa ba. Sai a ga an banko ƙofa da majinyaci a kan gadon turawa, ma'aikacin motar asibiti yana zayyano hawan jininsa da bugun zuciyarsa, nas tana yanke masa riga da almakashi, likita yana kiran sunayen magunguna, kyamara tana bin su daga baranda har ɗakin tiyata ba a yanke ba. Mutum ɗaya ya yi tuntuɓen harshe a kan sunan magani, sai a koma farko. Akwai likitoci na gaske cikin marubuta da masu ba da shawara, kamar Neal Baer da Lance Gentile. A Satumba 1997 an gabatar da kashin buɗe zango na huɗu kai tsaye har sau biyu a dare ɗaya, ɗaya don gabashin ƙasar, ɗaya don yammaci.

Kuɗin shiri

A tsarin Amurka, tasha tana biyan kamfanin da ya yi shiri kuɗin izinin nunawa, wanda sau da yawa ba ya rufe abin da aka kashe. Kamfani yana mayar da uwar kuɗinsa ne daga maimaici da sayarwa ƙasashen waje. A zangunan farko NBC tana biyan wajen dala miliyan 2 a kan kowane kashi, alhali masu kallo kan haura miliyan 30 a daren Alhamis.

A Janairun 1998 al'amarin ya juya. Yarjejeniyar farko ta zo ƙarshe a daidai lokacin da NBC ta rasa haƙƙin nuna gasar ƙwallon Amurka ta NFL, sannan babban shirinta na barkwanci, Seinfeld, yana shirin rufewa. Wuƙa da nama suka koma hannun Warner Bros. NBC ta amince da dala miliyan 13 a kan kowane kashi har zango uku, jimilla sama da dala miliyan 850, farashin da ba a taɓa biya wa wani shiri irinsa ba a lokacin. Abin lura shi ne wannan kuɗi farashin riƙe shirin ne a tasha, ba abin da ake kashewa wajen ɗaukarsa ba, kuma kashe-kashen da suka gina sunan ER an yi su ne tun ana biyan kuɗin farko.

Albashin 'yan wasa ya bi sahu. Duk da haka George Clooney ya tafi a 1999, Julianna Margulies ta bi bayansa a 2000 bayan ta ƙi tayin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 27, Anthony Edwards kuma ya bari a 2002. Irin wannan hauhawa ruwan dare ce ga shirin da ya daɗe: yarjejeniyar da Ellen Pompeo ta Grey's Anatomy, wani wasan kwaikwayon asibiti na Amurka, ta sa wa hannu a ƙarshen 2017 ta kai wajen dala miliyan 20 a shekara. A Birtaniya, tsadar aiki ce dalilin da BBC ta bayar na rufe shirin Doctors a 2024.

Inganci

An zaɓi ER don takarar lambar Emmy, lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin a Amurka, sau 124, kuma ya ci ta gwarzon wasan kwaikwayo a 1996. Masu sharhi da dama suna ganin zangunan baya sun karkata ga abubuwan tashin hankali: jirgi mai saukar ungulu ya sare hannun wani likita a 2002, wani jirgin kuma ya faɗo ya kashe shi a shekarar da ta biyo. Wasu na ganin a wannan zamanin ne shirin ya faɗaɗa tunaninsa, da labaran da ya kai Kwango da Darfur.

Ta fuskar likitanci, wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 1996 a kan ER da wasu shirye-shirye biyu ya gano cewa kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka danna wa ƙirji don farfaɗo da zuciya sun farfaɗo nan take, adadin da ya zarce abin da ake gani a asibiti nesa ba kusa ba.

Bayan rufewa

Kimanin mutum miliyan 16 suka kalli kashin ƙarshe. A Fabrairun 2019 Grey's Anatomy ya wuce shi a yawan kashi. Magadan Crichton, wanda ya rasu a 2008, sun shigar da ƙara a 2024 suna cewa shirin The Pitt, da Wells da Noah Wyle, ɗaya daga cikin taurarin ER, ke ciki, ER ne aka sake wa riga. Waɗanda ake ƙara sun musanta.