Tsohuwar Jita Mai Kogo: Me Ya Sa Ake Rububinta?

Wace irin jita ce mai kogo?

Jitar lantarki ce wadda cikinta fanko ne, kamar ƙoƙon gurmi ko na garaya. Fuskarta a ɗan kumbure take, da tsaga biyu masu lanƙwasa a gefen tsirkiyoyi. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa, maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashinta shi ke ɗaukar motsin ya aika wa lasifika. Amma shi ma katakon yana amsawa, iskar da ke cikin kogon tana amsawa, shi ya sa muryarta take fita da kauri da taushi. Wannan muryar ce makaɗan jaz na Amurka suka ƙwallafa wa rai.

Yaushe aka fara ƙera ta?

Wadda ta fara karɓuwa sosai ita ce ES-150, da kamfanin Gibson na garin Kalamazoo a jihar Michigan ya fitar a 1936. Lambar 150 kuɗinta ne, dala 150 har da amfilifaya, wato na'urar ƙara murya. Kafin zuwanta, mai jita a babban ayarin makaɗa ɗan rakiya ne kawai, ƙahonni sun danne shi. Charlie Christian ne ya sauya wannan bayan ya shiga ayarin Benny Goodman a 1939. Da ES-150 ya fito gaba, har yau ana kiran maganaɗisun jitar da sunansa.

To me ya sa daga baya aka cusa mata katako a ciki?

Saboda kuwwa. Idan aka ƙure murya, ƙarar lasifika takan koma cikin kogon ta girgiza shi, sai jitar ta kama wani irin kuka ba tare da an taɓa ta ba. Makaɗin Amurka B.B. King har tsumma ya riƙa cusawa a tsagar tasa. A 1958 Gibson ya fitar da ES-335, siririya, da gungumen katako a tsakiyarta, kogon ya rage a gefe biyu kawai. Don haka duk mai saye ya tambaya: cikakken kogo ce ko rabi? Epiphone Casino, wadda ta fito a 1961 kuma uku daga cikin mawaƙan Beatles suka riƙa kaɗawa, a ido kamar ES-335 take, alhali cikinta fanko ne gaba ɗaya.

Waɗanne ne masu tarawa suka fi nema?

Na Gibson daga 1957 zuwa farkon shekarun 1960 su ne kan gaba. Dalili shi ne maganaɗisun da Seth Lover ya ƙirƙiro, mai naɗi biyu da ke kashe gurnanin lantarki. Na farkon suna ɗauke da 'yar takarda a ƙasansu mai rubutun "Patent Applied For", wato an nemi rajistar ƙirƙirar, shi ya sa ake ce musu PAF. Yawan naɗin wayarsu bai zama ɗaya ba, kowanne da irin muryarsa, kuma hakan ne ya ƙara musu daraja. ES-335 mai adon ɗigo-ɗigo a wuya, ta kafin 1962, ta fi mai murabba'i da ta biyo baya tsada. Akwai kuma ES-175 da ta fito a 1949, abokiyar aikin Joe Pass da Jim Hall, da L-5 ta Wes Montgomery wadda sassaƙa fuskarta ake yi daga katako mai kauri. A ɓangaren kamfanin Gretsch, 6120 ta Chet Atkins mai ruwan lemo da White Falcon, duka na tsakiyar shekarun 1950, su ake farauta, musamman na kafin a sayar da kamfanin ga Baldwin, kamfanin ƙera piyano, a 1967.

Sunan mai ita ma yana ɗaga farashi. A 2004 an yi gwanjon ES-335 ta Eric Clapton a kan dala 847,500.

Makaɗi da mai tarawa abu ɗaya suke nema?

Ko kusa. Mai tarawa yana son komai na asali: fenti, sukurori, dalmar da aka liƙe wayoyi da ita, har akwatin. Sabon fenti ko karayar kai da aka ɗora kan zaftare kusan rabin kuɗin jita. Shi kuwa makaɗi, nan kasuwarsa take. Ɗorin da gwani ya yi ba ya hana murya fita, kuma jitar da fentinta ya goge a wuya alama ce ta cewa wani ya ji daɗin kaɗa ta shekara da shekaru. Ni a ganina irin wannan ya kamata makaɗi ya nema, domin ba ƙaramin takaici ba ne a kulle abin kiɗa a gilashi ba mai jin muryarsa.

Me za a duba kafin a biya?

A haska tocila ta tsagar a ga takardar lamba da tokaran ciki. A duba ko fuskar ta lotsa, ko wuyan ya fara rabuwa da jiki. Tsofaffin Gretsch suna da wata cuta: robar da aka yi musu baki da ita takan ruɓe ta farfashe, tururinta ya sa ƙarfe tsatsa. Da yawa daga cikin jitocin wancan zamani an yi allon wuyansu da wani katakon Barazil da aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992, saboda haka sai da takardar izini ake tsallaka iyaka da su. Wanda kuma zai kawo ta Kano ko Damagaram ya yi shirin hunturu. Katakon yana son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, busasshiyar iskarmu kuwa takan tsaga shi, don haka a ajiye ta cikin akwatinta tare da abin riƙe danshi.