Baƙin Rami da Ra'ayoyin Gyara Dokar Janyowa

Baƙin rami wuri ne a sararin samaniya inda nauyi mai yawa ya cushe a ɗan ƙaramin waje, har ƙarfin janyowarsa ya kai matsayin da ko haske, mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ba ya iya kuɓuta. Sunan kan ruɗi mai karatu, domin ba rami ba ne irin na haƙa. Iyaka ce mai siffar ƙwallo, wadda duk abin da ya ƙetare ta ba ya dawowa, ba ya kuma iya aiko da labari. Nauyin da ke ciki ne ke ƙayyade girman iyakar. Da za a matse Rana har ta zama baƙin rami, faɗinta zai koma kimanin kilomita 6, wato kamar rabin tsawon gadar Third Mainland ta nan Legas. Duniyarmu kuwa za ta koma milimita 18, ba ta ma kai goro guda daga huhun 'yan goron Agege ba.

Asalin ra'in

John Michell ɗan Ingila ya fara hasashen tauraron da haske ba zai iya barinsa ba tun 1783, amma maganar ba ta yi jijiya ba sai bayan da Albert Einstein ya kammala ra'insa a 1915. A wurin Einstein, nauyi ne ke lanƙwasa sarari da lokaci, abubuwa kuma suna bin lanƙwasar kamar yadda ruwa ke bin gangare. Ɗaya daga cikin shaidun farko ta fito ne daga tekun da Legas ke bakinsa: ranar 29 ga Mayu 1919, Arthur Eddington ya ɗauki hotunan husufin rana a tsibirin Pirinsipe da ke Mashigin Gini, aka ga hasken taurari ya karkata a gefen Rana.

Karl Schwarzschild ya warware lissafin Einstein a ƙarshen 1915 yana sojan Jamus a fagen yaƙi, aka wallafa shi a 1916, Roy Kerr kuma ya samo na ramin da ke juyawa a 1963. A 1965 Roger Penrose ya nuna cewa idan babban tauraro ya rufta ya wuce wani mataki, dole a samu wuri a cikinsa inda lissafin ke daina ba da amsa mai ma'ana. Bisa ra'in Einstein, abubuwa uku kacal ke siffanta baƙin ramin da ya natsa: nauyinsa, juyawarsa, da cajin lantarkinsa. Wannan ƙarancin siffa shi ya sa ramin ya zama ma'auni mai kyau, domin ko kaɗan aka ga siffa ta huɗu, to ra'in ya samu tsaga.

Me ya sa ake neman gyara

Dalili na farko yana cikin ramin kansa. Ra'in da ke kai mutum wurin da lissafi ya rushe ya shaida da bakinsa cewa bai cika ba. Ga kuma saɓaninsa da kimiyyar kwantam, mai bayyana halayyar ƙwayoyin zarra da abin da ya fi su ƙanƙanta, saɓanin da ya ƙara fitowa fili a 1974 da Stephen Hawking ya nuna cewa baƙin rami yana fitar da ɗan ɗumi, yana ƙarewa sannu a hankali. Har yau ana gardama kan makomar bayanan abin da ya haɗiye. Dalili na biyu yana can nesa. Awon Vera Rubin a shekarun 1970 ya nuna taurarin da ke gefen manyan rukunan taurari (galaksi) suna gudu fiye da yadda nauyin da ake gani zai iya riƙe su, a 1998 kuma aka gano cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi.

Tarihi ya taɓa kawo irin wannan mararraba sau biyu, kuma amsoshin sun bambanta. Da duniyar Yuranus ta kauce wa hanyar da lissafin dokar janyowa ta Isaac Newton ya tsara mata, Urbain Le Verrier ya ce akwai ɓoyayyiyar duniya, aka kuwa ga Naftun a 1846. Da duniyar Makuri ta kauce, ya sake faɗar haka, aka nemi duniyar aka rasa, domin a wannan karon dokar Newton ce ke buƙatar gyara. Yawancin masana a yau suna bin hanyar farko, suna cewa akwai ɓoyayyen nauyi da ɓoyayyen makamashi. 'Yan tsiraru suna bin ta biyu.

Cikin masu gyara akwai Carl Brans da Robert Dicke, waɗanda a 1961 suka ce ƙarfin janyowa na iya sauyawa da wuri da zamani. Gregory Horndeski ya faɗaɗa irin wannan tsari a 1974, Mordehai Milgrom na Isra'ila kuma ya kawo MOND a 1983, yana cewa dokar na sauyawa inda janyowa ta yi rauni ƙwarai. MOND ta yi abin a yaba wajen bayyana juyin rukunin taurari ɗai-ɗai, sai dai tana tuntuɓe idan aka zo ga gungun rukunai.

Shaidar awo

Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka ji girgizar sarari daga haɗuwar ramuka biyu, masu nauyin Rana kusan 36 da 29, siffar girgizar kuma ta dace da lissafin Einstein. Wanda ya fi yi wa masu gyara ɓarna shi ne abin da ya faru ranar 17 ga Agusta 2017: taurarin nutiron biyu, wato cunkusassun ragowar manyan taurarin da suka mutu, sun yi karo, girgizar da hasken suka yi tafiyar shekara kusan miliyan 130, suka iso da tazarar daƙiƙa 1.7 kawai. Duk ra'in da ya ce janyowa na gudu da saurin da ya bambanta da na haske ya faɗi a ranar, ciki har da manyan rassan tsarin Horndeski. A Afrilu 2019 aka fitar da hoton inuwar ramin da ke tsakiyar rukunin taurari na M87, mai nauyin Rana biliyan 6.5, a Mayu 2022 kuma na Sagittarius A* da ke tsakiyar rukuninmu, girmansu duka bai saɓa wa lissafin Kerr ba.

Awon dai bai yi kaifin da zai rufe ƙofa ba. Yanzu hankali ya karkata ga amon da sabon rami ke yi bayan haɗuwa, kamar ƙwaryar da aka ƙwanƙwasa, domin nauyi da juyawa kaɗai ya kamata su ƙayyade sautinsa. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta amince da aikin LISA a Janairu 2024, kumbo uku da ake shirin harbawa a tsakiyar shekarun 2030 domin sauraron haɗuwar manyan ramuka.