Tambayoyi da amsoshi: sa manhaja ta riƙa ƙulla ƙawance tsakanin keɓaɓɓun cibiyoyin girgije

Duk wanda ya daɗe yana aiki da girgije, wato kwamfutocin haya na kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft, ya san cibiya ɗaya ba ta daɗewa tana isar ma'aikata. Yau an buɗe ta gwaji, gobe ta ainihin aiki, jibi wani sashe ya ce shi ma a ware masa tasa. Sai a wayi gari ana son su riƙa magana da juna. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan injiniya ya gaji da haɗa su da hannu. Akasarin misalan daga AWS suke, wato girgijen Amazon, domin a can ne matakan suka fi yawa, kuma a can aka fi tuntuɓe.

Wai mece ce VPC, kuma me ake nufi da ƙawance tsakanin guda biyu?

VPC keɓaɓɓiyar cibiyar sadarwa ce da kamfanin girgije yake killace maka a cikin tasa. Kai ke zaɓar zangon adireshinta na IP, ka yanka shi ƙananan sassa da ake kira sabnet, ka zuba sabobinka da rumbunan bayananka a ciki. AWS ta fito da ita a 2009. A asali kowace VPC tsibiri ce: ko a asusu ɗaya ka buɗe biyu, babu mai jin ɗuriyar 'yar'uwarta.

Ƙawance shi ne a shimfiɗa hanya kai tsaye tsakanin guda biyu, sabar da ke nan ta yi magana da ta can ta adireshin cikin gida, ba tare da saƙon ya leƙa intanet ba. Babu na'urar da za ka ajiye a tsakiya. AWS ta kawo wannan a 2014, a iya yanki ɗaya, wato ɓangaren duniya ɗaya da kamfanin ya girke kwamfutocinsa, sannan a ƙarshen 2017 ta buɗe shi tsakanin yankuna daban-daban.

Tunda 'yan latse-latse ne a shafin sarrafawa, me ya kawo wahalar rubuta manhaja?

Idan cibiyoyinka biyu ne kacal, kuma ba za su ƙaru ba, yi abinka da hannu, ba wanda zai ga laifinka. Amma mu ƙirga abin da ƙawance ɗaya yake ci. Ɓangare ɗaya ya aika buƙata. Ɗaya ɓangaren ya karɓa. A ƙara hanya a teburin hanyoyin wannan, wato jerin da ke nuna wa saƙo inda zai bi, a ƙara a na wancan. A buɗe ƙofar da ake so a shingen tsaro, wato dokokin da ke tantance saƙon da zai shiga da wanda zai fita. Idan ana son sunayen sabobi su riƙa fassaruwa zuwa adireshin cikin gida, a kunna zaɓin DNS. Matakai shida ke nan ga ƙawance guda.

Yanzu a ce kowace cibiya sai ta yi magana da kowace. Lissafin shi ne ka ninka yawansu da yawansu ba ɗaya, ka raba biyu. Cibiyoyi 4 suna buƙatar ƙawance 6. Cibiyoyi 10 suna buƙatar 45. Cibiyoyi 20 kuwa 190, hanyoyi aƙalla 380, kuma hakan idan kowace tana da tebur ɗaya ne tak, abin da ba kasafai ake samu ba. Hannu ba zai yi wannan ba tare da mantuwa ba.

Ni dai a ganina, saurin ba shi ne babbar ribar ba. Ribar ita ce abin ya zama a rubuce. Bayan wata shida wani zai ga ƙawance mai lambar da ta fara da pcx- ya tambaya waye ya ƙulla shi, don me, kuma za a iya tsinke shi? Idan da hannu aka yi, kowa sai ya yi shiru, a bar shi don tsoro. Idan a fayil yake, tarihin fayil ɗin zai nuna wanda ya nema da wanda ya amince da ranar da aka yi.

A cikin matakan nan, wanne ya fi ka da mutane?

Hanyar dawowa. Da zarar an karɓi buƙata, shafin zai nuna ƙawancen yana aiki, mutum ya ɗauka an gama. Alhali a AWS wannan alamar ba ta ce komai a kan hanyoyi ba, titi ne aka gama ginawa ba a kafa masa allon nuni ba.

Ga misali. Manhajarka tana cibiya mai zangon 10.1.0.0/16, wato duk adireshin da ya fara da 10.1, rumbun bayanai na PostgreSQL yana 10.2.0.0/16. Ka rubuta a teburin ta farko cewa duk saƙon da ya nufi 10.2.0.0/16 ya bi ta ƙawancen. Saƙon ya tafi, ya isa ƙofa ta 5432, rumbun ya amsa. Amma teburin ta biyu bai san inda 10.1.0.0/16 yake ba, sai amsar ta ɓace. Babu saƙon kuskure mai ma'ana da za ka gani, sai dai manhajar ta yi ta jira har lokacinta ya ƙare.

Akwai wata 'yar'uwarta da ta taɓa cinye min rabin yini. Hanyoyin biyu duk na sa su, na duba na sake dubawa, komai daidai. Ashe a babban teburin cibiyar na sa su, shi kuwa sabnet ɗin da rumbun yake ciki an ɗaura shi da wani tebur daban tun kafin in zo. Tun daga ranar, duk manhajar da na rubuta sai ta fara tambayar wane tebur kowane sabnet yake bi, kafin ta rubuta hanya ko ɗaya.

A kuma tuna cewa buƙatar da ba a karɓa ba tana mutuwa bayan kwana 7.

Da wane kayan aiki ya kamata a yi?

Hanyoyi biyu ne. Ko ka rubuta umarni mataki-mataki, misali da harshen Python da boto3, kayan aikinsa na magana da AWS, ka ce aika, jira, karɓa, ƙara hanya. Ko kuma ka bayyana yadda kake son abin ya kasance, manhajar ta nemo matakan da kanta. A wannan layin akwai Terraform, wadda HashiCorp ta fitar a 2014, da OpenTofu da ta ɓalle daga gare ta a 2023, da CloudFormation ta AWS, da Pulumi.

Na fi karkata ga ta biyu. Umarnin mataki-mataki yana da daɗi a rana ta farko, amma idan ya tsaya a tsakiya, ko aka sake kunna shi, kai ne za ka koya masa yadda zai gane abin da ya riga ya yi. Masu bayyana buƙata kuwa suna riƙe da lissafin abin da suka gina, su kwatanta da abin da ke ƙasa, su nuna maka bambancin kafin su taɓa komai.

Tsarin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne fayil ɗaya mai jerin ƙawance: wa da wa, wace ƙofa, wa ya nema. Mai son sabo ya ƙara layi, wani ya duba ya amince, manhaja ta yi sauran.

Sai dai Terraform tana da ramuka biyu a nan. Na farko, idan ka gina jerin da count, kowane ƙawance lambar layinsa ce sunansa. Ka cire na uku, na huɗu ya zama na uku, na biyar ya zama na huɗu, sai ta ga kamar duk sun canza, ta rushe su ta sake ginawa, ana tsakiyar aiki. Yi amfani da for_each, ka ba kowanne suna tsayayye. Na biyu, kada ka rubuta wasu hanyoyi a cikin bayanin teburin kansa, wasu kuma a ware da aws_route. Biyun za su riƙa goge aikin juna duk lokacin da aka kunna.

Idan cibiyoyin suna asusu daban ko yanki daban fa?

Nan ne aikin yake ƙara nauyi. Zaɓin auto_accept na Terraform, mai karɓar buƙata da kansa, yana aiki ne kawai idan asusu ɗaya ne kuma yanki ɗaya. Da an saɓa haka, dole manhajar ta tsaya a ɓangarorin biyu: ta aika da sunan wannan, ta juya ta karɓa da sunan wancan.

Yadda ake yi shi ne mai asusu na biyu ya tanadi wani matsayi a IAM, sashen AWS mai kula da izini, kamar rigar aro, wadda manhajar za ta sa na ɗan lokaci ta yi aikin ta cire. Kada a ɗinka rigar da faɗi. Izinin karɓar ƙawance da rubuta hanya da duba cibiya ya isa, ba sai an ba ta makullin asusun gaba ɗaya ba. Kuma kada a ajiye makulli na dindindin a cikin fayil.

Ƙananan abubuwa uku da ke ba da mamaki: zaɓin DNS ba ya kunnuwa sai ƙawancen ya fara aiki, don haka sai an jera matakan da kyau. A yanki ɗaya za ka iya ambaton shingen tsaron ɗaya cibiyar da lambarsa, amma tsakanin yankuna sai dai ka rubuta zangon adireshi. Sannan tambarin da ka manna wa ƙawance a asusunka, wato ɗan rubutun shaida irin suna, ba ya bayyana a ɗaya asusun, kowa sai ya manna nasa.

Zan iya barin manhaja ta riƙa karɓar duk buƙatar da ta shigo?

Iyawa kam ana iyawa. EventBridge, mai sa ido kan abubuwan da ke faruwa a AWS, ta ga buƙata ta shigo, ta tayar da wani ɗan aiki a Lambda, inda ake kunna ƙananan manhajoji, ya karɓa. Amma duk wanda ya san lambar asusunka da lambar cibiyarka zai iya aiko maka da buƙata, ko ka san shi ko ba ka san shi ba. Karɓa kaɗai ba ta buɗe komai sai an sa hanya, sai dai wanda ya rubuta manhajar karɓa yawanci ya haɗa mata da rubuta hanyar. To ka ga an buɗe wa baƙo ƙofa har an shimfiɗa masa titi. Kafin ta karɓa, ta tabbatar asusun yana cikin na ma'aikatarku, ƙawancen kuma yana cikin fayil ɗin da aka amince da shi. Wanda bai cika sharaɗi ba, ta bar shi ta sanar da mutum.

Na aika buƙata ta faɗi nan take, wai adireshi sun yi karo. Ina mafita?

Wannan ita ce matsalar da manhaja ba ta iya warwarewa bayan ta faru. Ba a ƙulla ƙawance tsakanin cibiyoyi biyu da zangonsu ya hau kan juna, domin idan 10.0.1.5 tana nan kuma tana can, teburin ba shi da yadda zai san wadda ake nufi.

Karon kuwa ba tsautsayi ba ne, ɗabi'a ce. Tun 1994 aka ware zango uku don amfanin cikin gida: 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16. Na farkon kaɗai ana iya yanka shi gida 256, kowane gida da adireshi 65,536. Wuri ga shi nan a yalwace, amma kusan kowa da ya zo buɗe cibiya sai ya rubuta 10.0.0.0/16, saboda shi ya gani a darasin da ya koya. Cibiyar da AWS take buɗe wa sabon asusu da kanta ma 172.31.0.0/16 ce a ko'ina, don haka irinta biyu ba za su taɓa ƙawance ba. Kuma ainihin zangon cibiya ba ya canzuwa bayan an buɗe ta. Za ka iya ƙara mata wani, amma na farkon yana nan. Gyaran gaskiya shi ne gina sabuwa a kwashe kaya, aikin da ba wanda ke so.

Akwai karon da ya fi wannan wayo. Cibiya B da cibiya C zangonsu ɗaya, amma ba da juna za su yi ƙawance ba, kowace da A take so. AWS za ta yarda da duka biyun. Sai an zo teburin A a ga zango ɗaya ba ya nuna wuri biyu. Ana iya dabara da hanyoyi masu ƙunci, tunda tebur yana fifita hanyar da ta fi tantance adireshi, amma dabara ce da wanda zai gaje ka zai sha wuyar ganewa.

Shi ya sa wurin da ya fi cancantar a sarrafa shi ne rabon adireshi, tun kafin a yi zancen ƙawance. Kada kowa ya zaɓi zango da kansa. A samu rumbu ɗaya da ke rabawa, ko IPAM, manhajar rabon adireshi da AWS ta fitar a 2021, ko fayil da ake duba shi. Gwajin karon ma ba wuya: a Python, ipaddress tana da overlaps, layi kaɗan ne ta gwada sabon zango da duk na baya.

A tana ƙawance da B, B tana ƙawance da C. A za ta kai ga C?

A'a. A nan abokin abokinka ba abokinka ba ne. Haka kuma a AWS, A ba za ta ari ƙofar intanet ta B ko layinta na VPN, wato keɓaɓɓen layin da ke haɗa ta da waje, ba.

Haka abin yake a Google Cloud da Azure ta Microsoft?

Dokoki biyun nan suna ko'ina: babu karon adireshi, babu tsallakawa ta kan aboki. Bambancin yana cikin matakai. A Google Cloud babu aikawa da karɓa, kowane ɓangare ne yake bayyana ƙawancen daga wajensa, idan biyun suka dace ya fara aiki, hanyoyin sabnet kuma su musanyu da kansu. Dokokin shingen tsaro ne ba sa tsallakawa, kowa sai ya rubuta nasa. A Azure ma haɗi biyu ake yi, ɗaya daga kowane gefe, hanyoyin su shiga da kansu, kuma akwai zaɓin da ke barin cibiya ta yi amfani da ƙofar VPN ta ƙawarta. Kenan mantuwar hanyar dawowa ciwon AWS ne, amma mantuwar gefe na biyu tana jiran mutum a sauran.

Yaushe ya kamata a daina ƙara ƙawance a nemi wata hanya?

AWS tana ba kowace cibiya ƙawance 50, ana iya roƙon ƙari har 125. Amma tun kafin a kai nan hankali yake gazawa. Manhaja za ta gina maka 190 ba tare da ta gaji ba, kai ne ba za ka iya amsa tambayar wa ke iya kaiwa ga wa ba. A irin wannan hali ake komawa ga mahaɗa ɗaya a tsakiya, kamar Transit Gateway da ta fito a 2018: kowace cibiya ta haɗu da ita sau ɗaya, cibiyoyi 20 haɗi 20. Sai dai ana biyan kowane haɗi da kuma bayanan da suka ratsa ta, alhali ƙulla ƙawance kyauta ne, kuma tun 2021 bayanan da ba su fita daga shiyya ɗaya ba, wato ƙaramin sashe a cikin yanki, su ma ba a cajinsu. Don haka da yawa suke haɗa biyun: mahaɗa ga kowa, ƙawance kai tsaye ga cibiyoyi biyun da suka fi musayar bayanai masu nauyi.

Tsinkewa fa, ita ma a bar wa manhaja?

Ƙwarai, kuma a gwada ta tun ranar da aka gwada ƙullawa. Kowane ɓangare na iya share ƙawance shi kaɗai. Idan aka share, hanyoyin da ke nuna shi ba sa tafiya tare da shi, suna nan a tebur da alamar blackhole, duk saƙon da ya bi su ya salwanta. Manhajar ta fara cire hanyoyi a gefen biyu, ta rufe ƙofofin shingen tsaro, sannan ta share ƙawancen. Yana da kyau kuma a sa ta riƙa kwatanta fayil da abin da ke ƙasa kullum, ba tare da ta gyara komai ba, ta dai kawo rahoto. A nan ake gano hanyar da wani ya ƙara da hannu cikin dare lokacin da aiki ya tsaya, ya ce da safe zai shigar da ita fayil.