Baba, Inna, ku daina miƙa kuɗin haraji a hannu

Abu ɗaya ke ta maimaituwa a gidajen tsofaffin da muke zagayawa a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru: takardar bashin haraji ta iso, dattijo yana rantsuwa ya biya, amma babu rasit ko ɗaya. Wa aka ba kuɗin? Wani yaro mai jaka da ke tsayuwa a ƙofar ofis, ko ɗan ɗan'uwa da ya ce zai biya a hanya. Haba iyayenmu! Kuɗin fanshon da kuka jira wata guda, ku damƙa wa mutum a tafin hannu?

Ku ji da kyau. A Kamaru yanzu ba a biyan harajin gwamnati da tsabar kuɗi a hannun ma'aikaci. Ana biya ta banki, ko ta waya da Orange Money ko MTN Mobile Money, bayan an fitar da takardar da ke nuna abin da ake binku. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai "gyara" muku, ko da rigar ofis yake sanye, ku ce masa a'a. Abin da bai shiga na'ura da sunanku ba, a wurin hukuma ba a biya shi ba, kuma tara tana hawa kansa.

Na san idanu sun yi rauni, takardun da Faransanci suke, ƙafa ba ta son layi. Ba laifinku ba ne. Shi ya sa maganar ta koma kanku, 'ya'ya da jikoki masu kula da su. Ba a hana ku taimaka ba, amma ku yi shi a gaban mai kuɗin, da sunansa. Lambar haraji, wato NIU, ta Baba ce, a ciro ta da katinsa na ɗan ƙasa, a sa lambar wayar da ke hannunsa. In kun biya da NIU ɗinku don sauri, kun biya wa kanku ne, gidan Baba yana nan da bashinsa.

Mafi yawan tsofaffinmu harajin gida da fili ne ke kansu. Ga gida irin namu, kashi 0,1 cikin ɗari ne na darajarsa a shekara: gidan sefa miliyan 10 zai biya sefa 10.000. Kun ga ba kuɗin da zai sa a nemi ɗan tsakani ba ne. Mai karɓar fansho ko kuɗin haya kuma, tun 2024 ana neman ya bayyana abin da ya samu a shekara ta intanet, a shafin hukumar haraji ta DGI. Bayyanawa daban, biya daban, kada tsoro ya sa ku ɓoye.

A taƙaice:
- ku haɗa katin ɗan ƙasa, NIU, takardar fili, takardun fansho na CNPS (hukumar fanshon ma'aikatan kamfanoni) ko na gwamnati, da yarjejeniyar haya a jaka ɗaya;
- ku je cibiyar haraji ta yankinku tun farkon shekara, ku tambayi ranar ƙarshe;
- in ta waya za a biya, Baba ya danna lambar sirrin asusunsa da kansa;
- saƙon waya bai isa ba, a fitar da rasit mai suna quittance, a duba suna da shekara, a ɗauki hotonsa.

Ranar rabon gado ko sauya suna a takardar fili, rasit ɗin nan za a nema, kuma yaro mai jaka ba zai zo ya ba da shaida ba. Baba, Inna, kar ku sake ba kowa kuɗin haraji a hannu, ko da ɗan cikinku ne, sai kuna zaune ana biya.