Ragar da ke karkatar da jini a ƙwaƙwalwa: me ke faruwa bayan shekaru?

Mece ce wannan raga?

Ƙaramin bututu ne da aka saƙa da siraran zaren ƙarfe. Likita yana zura shi ta jijiyar matsematsi ko ta hannu, ya kai shi inda bangon jijiyar ƙwaƙwalwa ya yi rauni ya kumbura kamar balan-balan. Galibi ba a cusa komai cikin kumburin. Ragar tana shimfiɗe ne a bakinsa, sai jini ya bi hanyarsa, wanda ya rage a ciki kuma ya daskare. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Pipeline a 2011, akwai kuma Silk da Surpass da FRED.

Kumburin yana rufewa nan take?

A'a, kuma nan ne haƙuri ke aiki. Sabuwar fatar cikin jijiya ce ke tsirowa a kan ragar sannu a hankali har ta toshe bakin. A binciken PUFS, wanda aka yi a kan manyan kumburi na jijiyar da ke haurowa daga wuya zuwa ƙwaƙwalwa, kusan kashi 87 cikin ɗari sun rufe tsaf bayan shekara guda, kashi 93 bayan shekara uku, kashi 95 bayan shekara biyar. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, cikin waɗanda suka rufe babu wanda ya sake buɗewa. Kumburin da aka bi wata hanyar magani aka cika shi da murɗaɗɗiyar waya kuwa, musamman babba, yakan sake buɗewa.

To ina haɗarin?

Yawancinsa yana watannin farko. A wannan binciken, kusan kashi 6 cikin ɗari sun samu mummunar shanyewar ɓarin jiki ko sun rasu cikin wata shida. Ƙarfe a cikin jijiya yana jawo gudan jini, shi ya sa ake haɗa asfirin da kulofidogirel, magungunan hana gudan jini, na wasu watanni, daga nan a ci gaba da asfirin. Wanda ya ajiye maganin don ya ji garau, da ransa yake wasa. Wani lokaci kuma ƙaton kumburi yakan fashe kafin ya gama rufewa, ko cikin ragar ya ƙuntata.

Kowa ne ke samun sakamako mai kyau haka?

Ba kowa ba. Jijiyoyin ƙeya, masu ciyar da tushen ƙwaƙwalwa, sun fi haɗari saboda ƙananan rassan da ragar kan iya toshewa. Kumburin da wani reshe ke fitowa daga jikinsa ma yakan ƙi rufewa, don jini bai daina ratsa shi ba.

Idan ya ƙi rufewa fa?

Ragar ta riga ta tare ƙofa, ba a iya ratsa ta a cusa waya. Galibi sai dai a ɗora wata ragar a kan ta farko, a ci gaba da ɗaukar hoton jijiyoyi.