Ma'anar CE da ECE a jikin kayan hawa babur, ga mai saye ta intanet

Sayen kayan hawa babur ta intanet cinikin biri a sama ne. Ba ka taɓa jaket ɗin da hannu ba balle ka ja ɗinkinsa, ba ka ɗaga hular kwanon ka ji nauyinta ba. Hoto ne a gabanka, sai farashi, sai kirarin da mai kaya ya yi wa kayansa, kuma kowane shafi ka buɗe za ka ga an rubuta cewa wannan “kayan kariya” ne. Wannan kalma ba ta ɗaure kowa. Rigar leda mai soso a kafaɗa ma ana kiranta haka. Abin da ke ɗaure mai ƙera kaya shi ne waɗansu 'yan haruffa da lambobi da ake ɗinkawa a cikin kayan, irin su CE, ECE 22.06 da EN 17092. Wanda ya iya karanta su zai sayi mai arha kuma ya sami kariya, wanda bai iya ba yana iya zuba kuɗi masu yawa ya tashi da kwalliya kawai.

CE gajartawa ce daga Faransanci, ma'anarta kayan sun dace da ƙa'idar Tarayyar Turai. Tambari ne da ake bugawa a kan abubuwa barkatai, daga cajar waya har kayan wasan yara, shi ya sa ganinsa shi kaɗai a jikin jaket bai isa ba. Tun daga 2018 dokar Turai mai lamba 2016/425 ta fara aiki, wadda a ƙarƙashinta ake lissafa tufafin masu babur cikin kayan kare jiki, ma'ana sai an kai samfurinsu ɗakin gwaji mai zaman kansa kafin a sa musu tambarin. Shaidar gaskiya tana zuwa ne da rakiya: ƙaramin zanen mutum a kan babur, lambar ma'aunin da aka gwada kayan da shi, da ajin da suka samu. CE tsirara, ba zane ba lamba, daidai yake da takardar shaidar karatu da ba sunan makaranta.

Ma'aunin jaket da wando shi ne EN 17092, wanda ya fito a 2020. Ajinsa biyar ne: AAA, AA, A, B da C. Ana gwada yadda yadin ke jure gurzuwa, da ƙarfin ɗinki, da yadda yake yagewa. A gwajin gurzuwa ana ɗaura guntayen yadin a wata na'ura mai juyawa, a sake su a kan dandamalin kankare har su tsaya, sannan a duba ko sun huje. A wuraren da suka fi cin ƙasa, wato kafaɗa, gwiwar hannu, gwiwa da ƙugu, ajin AAA yana farawa ne da gudun da ya yi daidai da kilomita 120 a awa, AA da 70, A kuma da 45. Kada a ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin alkawari cewa wanda ya faɗi a wannan gudun zai tashi lafiya, hanya ce kawai ta gwada wani yadi da wani. B yana da juriyar gurzuwa amma ba shi da garkuwa a ciki, wato abin da ake cusawa a wurare irin su kafaɗa da gwiwa don rage bugu. C kuwa riga ce da aikinta riƙe garkuwa a wurinta, ba ta hana kwalta cin fata, don haka ana sa ta ne tare da wata riga mai juriyar gurzuwa, a ƙarƙashinta ko a samanta.

A ganina, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi AA. Yawanci a nan ne arha da kariya ke haɗuwa. AAA galibi fata ce ko yadi mai kauri, tana da nauyi da zafi, kuma jaket ɗin da zafi ya sa aka rataye shi a ƙusa bai taɓa kare kowa ba. A ya wadatar ga mai zirga-zirgar cikin gari a hankali, musamman irin mai raga-raga da iska ke ratsawa.

A nan ne mafi yawan masu saye ke faɗawa rami. Garkuwar da ake cusawa a aljihunan kafaɗa da gwiwar hannu tana da nata ma'aunin daban, EN 1621-1, ta gadon baya kuma EN 1621-2. Sai mai kaya ya sayo garkuwa mai shaida, ya cusa ta cikin jaket ɗin da ba a taɓa gwadawa ba, ya rubuta a shafinsa cewa jaket mai garkuwar CE. Bai yi ƙarya ba, amma ya bar ka ka yi wa kanka ƙarya. Garkuwar tana rage bugu, yadin ne ke hana gurzuwa, kuma idan ɗinkin hannun riga ya ɓalle tun a daƙiƙar farko, garkuwar ta yi nata wuri kai ka yi naka. Tambayar da za ka yi ita ce, shaidar ta garkuwa ce kaɗai ko ta rigar gaba ɗaya? Amsar tana kan lakabin da ke ɗinke a cikin rigar.

Ita garkuwar mataki biyu gare ta, kuma yana da kyau a san abin da ake aunawa. Ana sako ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin kusan mita ɗaya a kanta, a auna ƙarfin da ya ratsa ya isa ƙasa. A garkuwar gaɓoɓi, mataki na 1 ba ya barin abin da ya wuce kilonyutan (ma'aunin ƙarfin bugu) 35 a matsakaici, mataki na 2 kuma 20. A ta gadon baya, 18 ne da 9. Wato garkuwar baya mai mataki na 2 tana barin rabin abin da ta mataki na 1 ke bari ya isa ƙashin bayanka, kuma bambancin kuɗinsu ba wani mai yawa ba ne. A jikinta za ka ga an zana lambar matakin a ɗan akwati, tare da harafin gaɓar da aka yi ta dominta: S kafaɗa, E gwiwar hannu, K gwiwa, H ƙugu. Wani abu da ke ba ni takaici shi ne jaket da yawa, har da masu tsada, suna zuwa da falle ɗaya na soson banza a aljihun baya. Zaro shi ka duba. Idan ba lamba a jikinsa, cikon wuri ne, a sayi garkuwa ta gaske daban a sa. Wannan ita ce dabarar arha da na fi yarda da ita, wato jaket mai sauƙin kuɗi mai shaidar AA, sannan a ƙara masa garkuwar baya mai mataki na 2.

Hular kwano tata hanyar daban ce. Ba CE ake nema a jikinta ba, ECE ake nema, wato ƙa'ida ta 22 ta hukumar tattalin arzikin Turai da ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Sigar 22.05 ta yi kusan shekara ashirin tana aiki kafin 22.06 ta gaje ta. Sabuwar ta ƙara wuraren da ake bugawa a jikin hular, tana gwadawa da gudu mai ƙarfi da mai sauƙi, sannan ta shigo da gwajin bugun karkace. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin mutum ba ya faɗowa daga babur kai tsaye kamar an sako dutse. Yana zuwa ne a karkace, hular ta kama ƙasa, kai ya murɗa, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙonta, kuma wannan murɗawar na cikin abubuwan da ke yin mummunar ɓarna.

Shaidar ECE ba sitika ba ce a ƙeyar hula. Ƙyalle ne ɗinke a jikin maɗaurin haɓa, da da'ira mai harafin E da lamba a cikinta. Lambar ta ƙasar da ta ba da amincewa ce, ba ƙasar da aka ƙera hular ba: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E9 Sifaniya, E11 Birtaniya. A ƙasa akwai doguwar lamba da ke farawa da 05 ko 06, sai harafi a kusa da ƙarshe. P na nufin an gwada sashen haɓa kuma yana karewa, NP na nufin akwai haɓa amma ba ta kariya ba ce, J kuma hula ce mai buɗaɗɗiyar fuska. Mai son hular da ake ɗage gabanta ya nemi P/J. Kafin ka biya, ka ce wa mai kaya ya turo maka hoton wannan ƙyalle, na ainihin hular da zai aiko. Mai kayan kirki minti biyu ya ishe shi. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ka amsa.

DOT kuma ta Amurka ce, ƙa'idar FMVSS 218. Ma'aunin ba laifi, amma tsarinsa shi ne kamfani da kansa ke shaida cewa hularsa ta cika sharaɗi, hukuma kuma sai ta riƙa ɗaukar samfuri daga kasuwa tana gwadawa daga baya. Ga shi sitika ce, wadda kowa zai iya bugawa. Saboda haka idan DOT kaɗai na gani a hular da ban san kamfaninta ba, ba na sakin jiki. Akwai kuma masu manna lambar hular keke, EN 1078, ko ta ma'aikatan gini, EN 397, a tallar hular babur. Lambobin na gaske ne, amma ba don wannan faɗuwar aka yi su ba.

Na taɓa riƙe irin wannan hula a hannuna. Wani ƙanena ne ya yi odar ta, baƙa mai sheƙi, har da sitikar DOT a baya. Da na ɗauka na ji ta sakayau kamar ƙwarya. Na ɗaga yadin ciki, sai na tarar da soso mai laushi irin na matashi, kaurinsa bai kai yatsa ba, na matsa shi ya dawo. Na kama gefe biyu na hular na matsa, suka nufo juna. Hula ta gaske a ƙarƙashin yadinta akwai farin abu mai tauri irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, amma ya fi shi ƙarfi, kaurinsa ya kai santimita biyu zuwa sama. Shi ne ke murƙushewa ya shanye bugun a madadin kanka, kuma sau ɗaya yake yin wannan aiki, ba ya komawa yadda yake. Dalilin ke nan da ba a sayen hular kwano ta hannu komai arharta. Tana iya shan bugu ta mutu a ciki alhali bayanta ko ƙwarzane babu. Jaket na hannu, takalmi na hannu, duk ana iya duba su da ido a yanke hukunci, ban da hula.

Hausawa na cewa arha ba ta ado, kuma a nan maganar ta zo daidai da ma'anarta ta zahiri: adon ne ake rasawa. Hular roba mai tauri da ta ci gwajin 22.06 ta bi ta gwajin da hular kabon mai ninkin kuɗinta ta bi. Abin da tsada ke ƙarawa yawanci rashin nauyi ne, da rage ƙarar iska, da laushin ciki, da fenti. Hula mai launi ɗaya ta fi mai zane arha alhali ƙirarsu ɗaya, haka ma samfurin bara idan sabo ya fito. Sai dai a tambayi shekarar ƙira, don kamfanoni da yawa suna ba da shawarar a canza hula bayan kamar shekara biyar ana amfani da ita. Birtaniya tana da wani shiri na gwamnati mai suna SHARP tun 2007, da ke sayen huluna yana gwadawa yana ba su tauraro ɗaya zuwa biyar, kuma kowa na iya duba sakamakon kyauta. Akwai masu arha a ciki da suka doke masu tsada. Idan kuɗin ba za su isa komai a tashi ɗaya ba, hula ce farko, mai rufe haɓa. Bincike ya nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Bayan hula sai safar hannu, domin duk wanda zai faɗi tafinsa yake miƙawa. Lambarta EN 13594, mataki na 1 ko na 2, harafin KP kuma yana nuna an gwada kariyar ƙullin yatsu. Abin dubawa a hoto shi ne maɗaurin wuyan hannu, don safar da za ta zame ta fita ba ta da amfani. Takalmi EN 13634 ne, ya rufe idon sawu, tafinsa kuma kada ya lanƙwashe idan babur ya danne shi ta gefe. Kalmar Kevlar, wato wani zare mai ƙarfi da ke jure gurzuwa, a tallar wandon jins ita ma a bi ta a hankali, wani ɗan faci biyu ne kawai a gwiwa. Ajin da ke kan lakabi shi ne abin kamawa.

Duk wannan shaida tana aiki ne idan kayan sun zauna a jiki. Ka auna kanka da tef ɗin tela, ka zagayo da shi kamar santimita biyu sama da gira, ka bi jadawalin wannan kamfanin, domin M na wani ba M na wani ba ne, ko da yake galibi yana faɗawa tsakanin santimita 57 da 58. Ka karanta sharaɗin mayar da kaya kafin ka biya, kuma kada ka cire lakabi ranar da suka iso. Sa hular, ɗaure haɓa, ka zauna da ita rabin awa a ɗaki. Ya kamata ta matse kumatu ba tare da ta soki goshi ba. Kama ta ka juya hagu da dama, fatar fuskarka ta bi ta. Sannan ka sunkuyar da kai, ka sa hannu ta ƙeya ka tura ta gaba da ƙarfi, idan ta fita ko ta kusa fita, ta yi maka yawa, mayar da ita. Jaket kuma a gwada shi a zaune kan babur, hannu a miƙe kan kambu. Garkuwar gwiwar hannu ta tsaya a kan gwiwar, idan ka sa yatsa ka ture ta ta koma gefe cikin sauƙi, a nemi wanda bai kai wannan girma ba.